Saƙon Da Ya Tsufa A Aljihun Labbo

SHAFI NA 14

Salamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Na ga ƙorafinku, har da mai cewa in ban saki shafin yau ba, za ta biyo ni gida. Zo ɗiyata, akwai fura. Sai dai ku gyara zama, yau dariyar da na kawo muku kaɗan ce.

Waɗanda suka shigo mana yanzu, ga inda muke.

Mubina ɗiyar Malam Labbo ce, manomin albasa a Argungu. Sau biyu tana rubuta jarrabawar shiga jami'a ba ta samu ba, a na uku sunanta ya fito. Aka ce kowa ya koma gida, za a turo ranar rajista ta waya. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Kebbi ba. Gidansu kaf guda ɗaya ce, ta Labbo, ita ma saboda dillalan albasa ya saye ta. Lambarsa Mubina ta rubuta.

Kuma Mubina ita ce ta fari. Ku 'yan yanzu da kuke ɗora ɗan fari a wuya kuna ɗaukar hoto ba za ku gane ba. Labbo bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa miƙa mata abu hannu da hannu ba. Duk maganar da ke tsakaninsu sai ta bi ta bakin mahaifiyarsa, Inna Sauda, wadda ta yaye Mubina ta riƙe ta.

Jiya mun tsaya inda Labbo ya sayar da albasar da ya ajiye, ya ce wa Inna za shi Birnin Kebbi neman kayan injin ban ruwa, in “ta wajenki” tana son wayar makaranta su biyo shi.

To sun biyo shi.

Da hantsi suka sauka a tasha. Labbo na gaba da tazara kamar bai san su ba, Inna na jan ƙafa a baya, Mubina na riƙe da jakarta.

“Dube shi,” in ji Inna. “Wai kayan inji. Tun da munka sauka kin ga ya dubi mai kayan inji?”

“Kaka, yi a hankali, shina ji.”

“Shi ji mana. Ni na haihe shi.”

Shagon da ya kai su na bakin babbar kasuwa, na wani Simeon. Iyayensa daga Filato aiki ya kawo su, shi a unguwar Badariya ya girma. Labbo ya nuna ƙofa da haɓa, ya tsaya a waje ya juya baya yana kallon titi.

“Sannu da zuwa Mama,” in ji Simeon. “Wa za a saya wa?”

“Wagga ja'irar. Jami'a za ta, za ta bar ni da wanke-wanke.”

“Madalla! Matso ƙanwata. Wayar jami'a daban take da wayar gida, bari in nuna miki.”

Ya jera guda uku a kan gilashi.

Inna ta riga kowa kai hannu. Ta ɗauki mafi girma, mai ruwan zinariya, ta danna wani wuri. Kiɗa ya tashi har mai fura a waje ta waiwayo. Inna ta sake ta.

“La'ilaha! Da maroƙa ciki?”

Simeon ya cafe ta yana dariya.

“Wannan layi biyu take ɗauka, Mama, ga rediyo. Amma in ta yi wannan ihun a aji, malami waje zai tura ta. Kuma batirinta ba ya kai la'asar.”

“Ita nika so,” in ji Inna. “In na kira ta ba ta cewa ba ta ji ba.”

“Da wace wayar za ki kira ni, tsohuwa?” in ji Mubina.

“Ta ubanki mana.”

Mubina ta matsa kusa da gilashin. Idonta na kan ta biyu, wata siririya mai ninkewa. Simeon ya buɗe ta.

“Wannan mai kyamara ce. Kyakkyawa ce, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a hostal ku takwas ne ɗaki ɗaya, wurin caji ɗaya. In kin sa ta sai kin zauna gadinta kamar mai jego. Ki shiga wanka ki fito, ta yi ƙafa.”

“Ita kuma wagga baƙar mummuna?”

“Yauwa, Mama, kin zo wurin. Kwana huɗu take yi ba caji. Ta faɗi ta rabu uku, ki haɗa ta, ta ci gaba da aiki. Ga tocila a kanta, in an ɗauke wuta da ita ake karatu. Ƙanwata Priscilla aji uku take a jami'ar, irinta take riƙe tun ranar da ta shiga.”

Mubina ta ɗauki mai tocila ta juya. Ta ajiye. Ta sake duban mai kyamara.

Daga bakin ƙofa, ba tare da ya juyo ba, Labbo ya yi gyaran murya.

“Inna, a ce a ɗauki wadda rai ka so. Kar a dubi tsada.”

“Kin ji, bango ya yi magana,” in ji Inna.

Mubina ta sunkuyar da kai, murmushi na neman ƙwace mata.

“Kaka, ki ce mishi mai tocila ta ishe ni. Karatu za ni.”

“Labbo, an ce karatu za a.”

“To,” in ji Labbo.

Ku riƙe wannan murmushin nata, 'ya'yana, don daga nan ba ni da wani da zan ba ku.

Simeon na ciro kwali yana surutu irin na 'yan kasuwa.

“Kin yi hankali. Kuma kin yi sa'a, jiya aka kawo min su. Da sati biyu baya kika zo ko ɗaya ba ki samu, sababbin ɗalibai sun kwashe.”

Mubina ta ɗago.

“Sababbin ɗaliban wace makaranta?”

“Taku mana.”

“Ai ba a kira mu ba tukuna.”

Hannun Simeon ya tsaya a kan kwalin.

“Ba a kira ku ba?”

“An ce za a turo saƙo. Ba a turo ba.”

Ya dube ta, ya dubi Inna.

“To... ƙila kashi-kashi suke kira. Wane layi za a sa?”

Labbo ya shigo. Ya ciro wayarsa daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda an ɗaure da roba saboda ruwan fadama. Bai miƙa wa kowa ba, a kan gilashin ya ajiye.

“Inna, a cire layin ga a sa mata. Shi ta rubuta ma makaranta. Ni na nemi wani.”

Ya koma bakin ƙofa.

Simeon ya kwance ledar. Har ya kai yatsa zai kashe wayar, sai ya tsaya.

“Baba, akwai ambulan a sama. Saƙo ne ba a buɗe ba.”

Labbo bai juyo ba.

“Sa mata dai. Ta gani da kanta.”

Aka cire layi, aka sa a sabuwa, aka kunna. Ambulan ɗin ya biyo layin, ga shi nan ƙarami a kusurwa. Simeon ya miƙa wa Mubina.

Ta danna.

Saƙo uku ne. Duk daga makaranta.

Ta karanta na farko leɓenta na motsi. Ta karanta na biyu. A na uku leɓen ya daina motsi.

“Mi anka ce?” in ji Inna. “Yaushe za ki?”

Mubina ta ƙura wa wayar ido.

“Ke! Da Turanci kika kurumce? Mi anka ce?”

“Kaka, yau nawa ga wata?”

Simeon ne ya amsa, a hankali.

“Ashirin da shida.”

Mubina ta ajiye wayar kamar mai zafi. Muryarta ta fito siririya.

“Na hwarko sun ce a zo rajista daga biyar ga wata. Na biyu sun ce saura kwana ukku. Na ukku sun ce an ruhe ran sha bakwai. Wanda bai zo ba, an ba wani gurbinai.”

“An ba wa? Gurbin wa?”

“Nawa, Kaka.”

“Kai, ƙarya ta! Ɗan nan, duba min. Yarinyar ga ba ta karya kumallo ba, idonta ka gizo.”

Simeon ya ɗauka ya karanta. Ya sake karantawa. Ya so ya ce wani abu daban, na rantse ya so, amma rubutu ne a gabansa.

“Haka ne, Mama. Na farkon ya shigo kwana ashirin da uku ke nan.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Inna ta lalubi kujera ta zauna.

“Ku tsaya,” in ji Simeon. “Kar kowa ya yi kuka tukuna. Bari in kira Priscilla, tana can.”

Ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ya yi mata bayani a gurguje.

“Wayyo,” in ji Priscilla daga can. “Yaya, ai an gama. Har sun fara lakca. Waɗanda ba su zo ba an cike wurinsu, jiya na ga an liƙa sababbin sunaye.”

“Ba wata hanya?”

“Akwai wani da ya zo daga Yawuri ran Litinin da babansa, kwana biyu suna zaune bakin ofis. Da jakarsu suka koma.”

“Don Allah ki je ki tambaya. Sunanta Mubina Labbo, sashen haɗa magunguna.”

“Haɗa magunguna? Yaya, wannan sashen mutum ɗari ke jiran kujera ɗaya. Zan je, amma kar ka sa musu rai.”

Ta kashe.

A waje kasuwa na ci kamar ba abin da ya faru.

Mubina ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta tsaya tana kallon ledar da aka kwance daga tsohuwar wayar.

“Kaka.”

“Na'am, ɗiyata.”

“Tambaye shi yaushe yag ga ambulan ɗin.”

Inna ta ɗaga kai da ƙyar.

“Labbo, kana ji.”

Labbo na tsaye, bayansa gare su. Bai motsa ba.

“Labbo!”

Sai Mubina ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Ta taka ta wuce kakarta, ta zagaya ta tsaya a gabansa, ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa.

“Baba.”

Ya kau da kai.

“Baba, ni nika tambaya, ba Kaka ba. Ka gane shi?”



“Na gani.”

“Yaushe?”

“Ranar wata Talata. Ina hwadama tay yi ƙara cikin aljihu.”

“Ka san nawa na?”

“Ni ban iya boko ba.”

“Na san ba ka iya ba. Cewa nay yi, ka san nawa na?”



“Raina ya ba ni.”

Inna ta dafe ƙirji.

“Ranka ya ba ka? Labbo, sau nawa nat tambaye ka? Yarinyar ga ta ce in tambaya, in zo in same ka, mi kac ce min?”

“Na ce ba ruwana, ina ta albasata.”

“Sau huɗu!”

“To mi za ni ce, Inna?” Muryarsa ta tashi, abin da bai taɓa yi mata ba. “In ce miki na ƙagu? In ce kullum sai na kwance leda na dubi abin ga na mayar? Gabanki?”

“Da ka miƙo min kawai.”

“Bara da tay yi zazzaɓi nat tambaye ki ko ta ci abinci. Kin tuna abin da kinka yi?”

Inna ta sunkuyar da kai, shi ya ci gaba.

“Kin tara matan gida kina tahi da shewa, wai ku zo ku ga Labbo ya zama Bature, shina tambayar ɗiyar hwari. Wata guda ana min dariya har bakin masallaci.”

“Wasa na, Labbo.”

“Ni bai yi min wasa ba.”

Mubina ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

“Abdussamadu mai caji ya iya karatu. Kullum kana kai mishi wayar ga.”

“In ba Abdussamadu shi karanta min? Kahin la'asar duk majalisa ta ji ina yawo da waya kan maganarki.”

“Ni hwa? Ɗakin Kaka da zaurenka taku nawa na?”

Nan ne muryar Labbo ta karye.

“Sau ukku ina zuwa ƙohwar ɗakin da ita a hannu. Rannan kina tankaɗe. Rannan kina karatu. Na ukku kin ba ni baya kina ninke kaya. In buɗe baki, sai in rasa da mi za ni kira. In tsaya, in tsaya, in koma.”

“Sai kab bari.”

“Ban bari ba. Cewa nay yi bari albasa ta yi daraja in saida, in sai miki taki, in sa layin ciki, ki karanta da kanki. Ba wanda yat tambayi wani, ba wanda yaj ji kunya.”

Ya share fuska da hannun riga.

“Wallahi na ɗauka rubutu ba shi lalacewa. Albasa na sani, in ka bar ta ta ruɓe. Shi na ɗauka shina nan shina jiranki.”

Simeon ya kasa haƙuri.

“Baba, yi haƙuri da bakina. A nan na girma, na san al'adar. Amma 'yarka ce fa. Ko a kan tabarma ka ajiye ka fita, ai za ta ɗauka.”

Kafin Labbo ya amsa, Mubina ta girgiza kai.

“Ba ni ɗauka.”

Suka dube ta.

“Kullum da magariba shina aje ta kan tabarma shi tahi alwala. Ina wucewa da tulu ina ganinta. Rannan har na aje tulun. Na tsaya kanta. Na ce in an shigo an gan ni da wayar Baba a hannu, mi za a ce? Sai nad ɗauki tuluna.”

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

“Saƙona na ciki, ina tsallake shi da ruwa a kai.”

“Ɗiyata...”

“Bari, Kaka. Shekara ukku. Adawiyya da munka gama tare tana aji ukku. In ta zo hutu sai in ɓuya ɗaki don kar ta tambaye ni. Littahin ga na karanta shi har ya rabe, na ɗinke shi da zaren buhu. Ranar da sunana yaf fito kin yi guɗa har maƙwabta sunka shigo. Duk unguwa an yi min sallama. Goggo Maryamu ta ba ni bokiti, uwata ta ba ni gidan sauro. Yanzu in koma in ce musu mi?”

“A ce Allah bai yi ba.”

“Allah ya yi, Kaka. Sau ukku shina turowa.”

Inna ta rufe baki da mayafi.

“Kya sake rubutawa baɗi,” in ji Simeon. “Mutane na yi sau huɗu, sau biyar.”

“Ba ni iyawa.”

“Za ki iya.”

“Ba ka gane ba. Waɗancan biyun na ce ƙoƙarina ya gaza, sai in ƙara. Wannan na ci. Na ci, kuma ga ni tsaye. In na sake, mi za ni ƙara?”



Labbo ya matso gilashin. Ya ɗauki sabuwar wayar da hannu biyu, ya juya wajenta. Ya miƙa.

Shekara goma sha tara tana jiran ranar da wannan hannun zai miƙo mata wani abu, ko dabino ɗaya ne. Sai yau.

Ta dubi wayar. Ta dubi hannun.

“In yi mi da ita, Baba? Ta makaranta ta.”

Hannun ya tsaya a iska. A hankali ya sauke shi, ya mayar da wayar kan gilashi.

“Kaka, zan zauna waje. Numfashina ba shi hita.”

“In zo?”

“A'a.”

Ta fita ta zauna a bencin mai fura, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ciki kuwa, uwa da ɗa suka zauna kamar masu zaman makoki. Simeon ya kawo ruwa, ba wanda ya taɓa. Wata mata ta leƙo da waya a hannu, ya ce ta dawo an jima.

“Ni na yi,” in ji Inna can ƙasa.

“Ba ke ba ce.”

“Ni ce. Ni na koya maka. Kai ma na hwari na, ka sani. Ranar da kaf faɗo daga kan jaki kak karye, ina tsaye bakin murhu ina jin kukanka. Ban hito ba. Uwar mijina na tsakar gida. Tuwona nac ci gaba da tuƙawa, hawaye na zuba ciki.”

Labbo ya ɗago.

“Ban taɓa sani ba.”

“Ina za ka sani? An ce kunya ta, mun ce to. An yaba min, an ce Sauda akwai kara.” Ta buga cinya. “Ga karar nan. Ga ta zaune waje kan benci.”

“Inna, in na tahi makarantar na durƙusa musu hwa? In ce ni na yi, ba ita ba?”

“Ka ji na Yawuri.”

“In kai musu gonar?”

“Baba, ba a yin haka,” in ji Simeon.

“To mi aka yi? Hwaɗa min mi aka yi in yi!”

Simeon ya sunkuyar da kai.

Labbo ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Mutumin da ruwa ya taɓa cinye masa gona sukutum bai ce uffan ba, yau ga shi a shagon mutane kafaɗunsa na girgiza.

“Kwana ashirin da ukku,” yake ta faɗa. “Nan kan ƙirjina. Ina sallah da shi, ina kwana da shi.”

“Ya isa, Labbo.”

“Ba ta sake duban huskata.”

“Dama ba ta duba.”

“Da kunya ta. Yanzu ba ita ba ce.”

Haka suka zauna har rana ta take. Ladanin kasuwa ya fara gwada lasifika.

Sai wayar Simeon ta yi ƙara.

Ya duba, ya miƙe tsaye.

“Priscilla ce.”

Ya buɗe murya. Tana haki kamar wadda ta yi gudu.

“Yaya, suna nan?”

“Suna nan. Faɗi.”

“Na sami matar da ke riƙe da fayil ɗin sashensu. Da farko kora ta ta yi. Na tsaya dai. Ta ce an ba wata wurin Mubina, amma ita waccan ɗin ba ta zo ba har yanzu, kuma shugaban sashen bai sa hannu ba.”

Inna ta miƙe, mayafinta ya zame.

“Ɗiyar nan, mi kika cewa?”

“Mama, ban ce an samu ba. Ta ce ƙarfe huɗu za ta kai fayil ɗin sama, daga nan ko waye ya zo an gama. In yarinyar ta iso kafin huɗu, ita da kanta, da takardunta na asali, za ta shigar da ita wurin shugaban ta yi bayani. In waccan ta riga ta kuma, shi ke nan.”

“In ubanta ya zo hwa?” in ji Labbo. “Ni in zo?”

“A'a Baba, ita suke so. Sai an ga fuskarta an haɗa da hoto.”

Simeon ya dubi agogon bango.

“Ɗaya saura kwata. Ina takardun?”

“Argungu,” in ji Inna. “Cikin akwatina.”

“Kan hanyar jami'ar take. In kun ɗauki shatar mota yanzu, ku tsaya Argungu minti biyar, za ku iya. Amma yanzu, Baba. Ba sallama, ba komai.”

Labbo ya riga su fita, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba.

Bencin na nan. Mai fura na nan tana dama wa wani.

Mubina ba ta nan.

Ya dubi dama, ya dubi hagu. Mutane ne kawai, da kura, da babura.

Inna ta fito tana tuntuɓe.

“Baiwar Allah, yarinyar da taz zauna nan, mai shuɗin mayahi?”

“Mai kukan nan? Ai ta daɗe da tashi.”

“Ta yi ina?”

“Ɗan kabu-kabu ta tsayar, ta hau babur ɗinai. Na ji ta ce tasha.”

“Alhamdulillahi, gida ta nuhwa,” in ji Inna. “Mu bi ta.”

Mai fura ta girgiza kai.

“Anya? Ɗan kabu-kabun ya tambaye ta, ta motocin Argungu? Ta ce a'a.”

“To ta ina?”

“Ta ce shi dai ja, ko wace ce, in dai ba Argungu ba.”

Simeon ya fito da gudu.

“Ku kira ta! Ku kira ta ma...”

Bai ƙarasa ba. Ya dubi hannunsa. Baƙar wayar mai tocila ce a ciki, ya kwaso ta daga kan gilashi.

Labbo ya kama hannun mai fura, abin da bai taɓa yi wa matar wani ba.

“Tun yaushe?”

“Sake ni, Malam! Tun kahin a hwara gwada lasifika.”

“Tasha nawa ag garin ga?” ya tambayi Simeon.

“In an haɗa da masu lodi a bakin hanya? Sun fi biyar.”

Ladan ya ɗaga murya ya fara kiran azahar.